Rumfa A Gidan Gado

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗinki a shagon haya a bakin babban titin da ya ratsa Zongonmu na Agoè ya nufi arewa, titin da manyan motocin Burkina da Nijar da Mali suke bi dare da rana. A can na koyi gane motar da ta yi lodi da wadda ba ta yi ba ta yadda allura ke rawa a kan keke. Wata rana bayan la'asar mai shagon ya zo, muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce daga sabuwar shekara kuɗin haya ya ƙaru, kuma na shekara guda yake so a dunƙule. Ban yi masa musu ba, shagonsa ne. Amma da na koma gida na zauna da biro da takarda, sai na ga kusan rabin guminmu, ni da yarana biyu, zai riƙa tafiya ne a kan ɗaki ɗaya da ba zai taɓa zama nawa ba.

A gidanmu akwai wani fili a gefen zaure inda marigayi Baba yake ɗaure ragunan Layya. Na sa tef na auna: mita shida a tsawo, mita huɗu a faɗi. Ya ishi keken ɗinki biyu, da keken surfani, da teburin yanka, da benci na masu jiran kaya. Idan aka fasa ƙofa ta waje, mai kawo ɗinki ba sai ya shiga cikin gida ba. Na gaya wa Inna, ta ce Allah ya sa albarka. A ganina magana ta ƙare, saura abin da za a yi ginin da shi.

Hanya biyu ce a gabana. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani a Zongo: a kafa ginshiƙan itacen tik, a ɗora katako a sama, a buga kwano, a kewaye. Itacen tik ba ya wuya a Togo, tun zamanin Jamusawa aka fara dasa shi, kuma duk inda ake sayar da kayan gini za ka gan shi jingine a tsaye. Kafinta ɗaya da yaronsa za su gama a kwana uku ko huɗu. Ta biyu kuwa wani abokina mai walda ne ya kawo ta. Ya buɗe wayarsa ya nuna min hotunan wasu ɗakuna na ƙarfe zalla, masu lanƙwasa kamar an raba ganga biyu an kife rabi a ƙasa. Babu ginshiƙi a tsakiya, babu katako ko ɗaya, bango da rufi duk abu guda ne. Na taɓa ganin manyansu a wajen tashar jiragen ruwa ta Lome, inda ake ajiye kaya, amma ban taɓa tunanin ana yin ƙarami ba. Ya ce zai lanƙwasa bututun ƙarfe, ya jera su, ya lulluɓe da kwano mai kauri. Gara ba ta cin ƙarfe, wuta ba ta kama shi, ɓarawo kuma sai ya zo da injin yanka.

Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga raina tun a kallon farko, kuma ba don dalilan da ya lissafa ba. So nake a ce duk layinmu ba mai irin shagona. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Lome ya ƙara min zuga. Ya ce ai irin wannan ɗakin yana da tarihi: wani hafsan sojan Ingila mai suna Nissen ya ƙirƙiro shi a 1916 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Amurkawa kuma suka yi nasu samfurin a 1941, suka baza shi ko'ina sojojinsu suka sauka. Da na kai wa Kawu labarin, shi da ya yi karatun allo da na littattafai a Zariya, sai ya yi dariya. Ya ce, "Kai yaro, Bature ne zai koya wa Bahaushe baka? Je ka Masallacin Juma'a na Zariya ka ga bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura da ƙasa da azara tun zamanin Sarki Abdulkarimu. Amma ka tambayi kanka, me ya sa bangon da ke riƙe da bakan gizo yake da kauri haka?" Ban tsaya na tambayi kaina ba. Washegari na kai wa mai walda kafin alƙalami.

Abin da ya fara taka min birki ƙaramin abu ne. Na ɗauko alli da igiya na zana bakan a jikin katangar gida don in ga yadda zai tsaya. Idan faɗin wuri mita huɗu ne kuma bakan rabin da'ira ne, to tsayinsa a tsakiya mita biyu ne kacal. Na tsaya a jikin zanen. A tsakiya kaina ya wuce da ɗan rata. Da na matsa mita ɗaya zuwa gefe, sai ga layin allin a daidai goshina. Ke nan a cikin mita huɗu, kusan biyu ne kawai mutum zai iya tsayawa a miƙe. Tela kuwa a jikin bango yake rayuwa. A can ake rataye ɗinkin da aka gama, a can ake kafa kantar zare da maɓallai, a can madubi yake. Babbar riga idan ka rataye ta a bango mai lanƙwasa, ƙasa za ta share. Teburin yanka ma ba zai manne da bangon ba.

Na koma wurin abokina da wannan. Ya ce ai da sauƙi, a yi bangon bulo na mita ɗaya da rabi, a ɗora bakan a kai. Daga nan ne na gane tambayar Kawu. Baka ba ƙasa kawai take danna nauyinta ba, ƙafafunta waje suke turawa, kamar mutumin da ya tsaya a kan santsi ya buɗe ƙafa. Dole abin da ta tsaya a kai ya riƙe ta. Wato a haƙa tushe, a zuba kankare da rodi, a ɗaure saman bangon. Abin da na fara da sunan rumfa ya koma gini, kuɗinsa kuma ya ninka na rumfar tik fiye da sau biyu.

Duk da haka ban janye ba. Na ce bari in ga irinsa a raye, ba a waya ba. Aka kwatanta min wani mai ajiyar buhunan masara da ya yi irin wannan ɗakin, na hau zemijan na tafi da misalin ƙarfe biyu na rana, cikin watan Maris. Minti goma na yi a ciki rigata ta manne da bayana. Taga a goshi da ƙeya kawai take, domin fasa taga a gefen baka yana raunana ta kuma yana kawo yoyo. Mutumin ya ce masara ba ta ƙorafi, shi ya sa ya zaɓe shi. Sannan ya nuna min wasu jajayen layuka a kan buhunan da ke sama. Ya ce da damina, idan dare ya yi sanyi bayan yini mai zafi, kwanon yakan yi gumi ta ciki, ruwan ya bi ta wurin da aka yi walda ya ɗigo da tsatsa. Daga baya abokina ya tabbatar min da dalilin: wutar walda tana ƙone farin rufin da ke kare ƙarfen, shi ya sa tsatsa take fara kamawa a mahaɗa, kuma a garin da ke bakin teku irin Lome, iska ba ta rabuwa da laima. Sai an riƙa bin mahaɗan da jan fenti.

Ina hanyar komawa ba abin da nake gani sai farar shadda. Wanda ya san sana'armu ya san abin da ɗigon tsatsa ɗaya zai yi wa farar shaddar da mutum ya tara kuɗin wata uku ya saya don Sallah. Ba a wanke shi, ba a ɓoye shi, sai dai ka biya. Abokina ya ce za a iya sa silin a ciki. Na tambaye shi kuɗin silin mai lanƙwasa, ya yi shiru yana danna waya.

Amma ba zafi ba ne ya kashe maganar, ba kuma tsatsa ba. Wayar Yaya ce daga Kwatano.

Mu bakwai Baba ya bari, maza huɗu, mata uku. Gidan har yau ba a raba ba, ba a kuma sayar ba, saboda Inna tana ciki kuma ba wanda yake son ya fara buɗe bakin maganar. Ni kaɗai ne namijin da ya rage a gidan. Ɗaya yana Kumasi, ɗaya yana Yamai, autanmu yana tuƙin babbar mota ba ya zama. Ban san wanda ya kai wa Yaya labari ba, amma ta kira bayan isha'i. Ta daɗe tana gaisuwa, abin da ba ta saba ba. Sannan ta ce, "Na ji an ce za ka zuba kankare a wurin ragunan Baba."

Na ce shago ne kawai, Yaya.

Ta ce, "Ƙanena, ban ce kada ka nemi abincinka ba. Amma wanda ya zuba kankare ya yi magana, ko bai buɗe baki ba. Gobe idan aka zo rabo, wa zai ce maka ka tashi? Wa zai biya ka gininka? Idan kuma ba a biya ka ba, wa zai zama azzalumi, kai ko mu?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni nake gyara yoyon gidan duk damina, ni nake biyan wuta da ruwa, ni nake kai Inna asibiti. Na kusa in lissafa mata, Allah ya riƙe harshena. Na ce na ji, za mu yi magana. Na kwana ina juyi, ina kawo hujjojina ɗaya bayan ɗaya, amma duk ta inda na ɓullo sai in tarar da gaskiyarta tana nan. Duk wanda ya zauna a Lome ya san yadda rigimar fili take cin zumunci da dukiya. Katangu nawa muke wucewa da rubutun gargaɗi cewa wannan fili ana shari'a a kansa? An yi sabuwar dokar filaye a 2018, amma doka ba ta shiga zaure ta sasanta wa da ƙane. Kuma na san gidaje a cikin Zongon nan da 'yan uwa ciki ɗaya suka daina gaisawa, asalin abin kuwa ɗaki ɗaya ne da wani ya gina da kyakkyawar niyya.

Da safe na sami Inna tana tsintar shinkafa. Ban ce mata komai ba, amma ta riga ta sani. Ta nuna min ƙofar ɗakin ajiya da haɓarta, wata tsohuwar ƙofar katako da ta fi ramin da aka sa ta faɗi har sai da aka sare gefenta. Ta ce, "Ka san daga ina wannan ta zo?"

Na sani, duk ɗan Zongo ya sani. Zongon da muke ciki ba shi ne na asali ba. Na da yana cikin gari ne, inda yanzu manyan gine-ginen bankuna suke. A can fataken goro da na shanu suke sauka a gidajen masu masauki, Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa. A 1977, zamanin Eyadéma, aka rushe shi aka kwaso mutane zuwa nan, kusan kilomita 15 arewa da gari, lokacin wurin duk daji ne. Har wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwar Zongon a 1983. Ni ba a haife ni ba a lokacin, labari na taras.

Abin da ban sani ba shi ne wanda Inna ta faɗa min a ranar. Ta ce da aka zo tashi, waɗanda suka yi ginin siminti su ne suka fi kuka, domin ba abin da suka ɗauka sai ƙofa da taga. Baba kuwa ɗakinsa na katako da kwano ne. Shi da abokansa biyu suka zare ƙusoshi, suka jera kwanon, suka ɗaure katakon, aka ɗora a mota. A daren farko a nan, ta ce, mutane da yawa a fili suka kwana, su kuwa a ƙarƙashin kwanonsu na da. Daga baya ya yi ginin bulo kamar kowa, amma har ya rasu bai yarda da abin da ba a iya kwancewa ba. Yakan ce baƙo ba ya gina abin da ya fi ƙarfin kansa.

Na ce, "Inna, ai mu yanzu ba baƙi ba ne. A nan aka haife mu."

Ta ce, "A garin ba baƙo ba ne kai. A filin ragunan nan kuwa, kai baƙon 'yan uwanka ne sai ranar da aka raba."

Wannan maganar ce ta yanke hukunci. Na koma wurin abokina mai walda na ce na fasa. Ya riga ya sayi wasu bututu, don haka rabin kafin alƙalamin ya tafi. Na ji zafinsa, amma laifina ne, na yi gaggawa. Na kira Yaya da sauran, na ce rumfa zan yi wadda za a iya kwancewa a yini ɗaya, kuma na rubuta a takarda cewa ba ni da wani haƙƙi a wurin da ya wuce rabona na gado. Kawu da limamin layinmu suka sa hannu. Yaya ta ce ba sai an rubuta ba. Na ce a rubuta, don 'ya'yanmu.

Saura kuma in fuskanci aibin itace, domin duk abin da abokina ya faɗa a kansa gaskiya ne. Na farko gara. Mutane suna cewa gara ba ta cin tik, amma wannan rabin gaskiya ce. Jan cikin tsohon itace ne take gudu. Siraran sandunan da aka sare tun suna ƙanana yawancinsu farin nama ne, kuma shi gara take so. Abin da aka saba shi ne a babbake gindin, a shafa baƙin mai, a binne. Yana jinkirta ta, ba ya hana ta. Kafintan da na samu, wani dattijo ɗan Ewe da ya daɗe yana aiki a Zongo har Hausarsa ta fi ta wasunmu, ya ba ni wata shawara: kada itace ya taɓa ƙasa sam. Aka yi ƙananan dutsen siminti guda takwas, irin wanda mutum biyu za su iya ɗagawa, kowanne da takalmin ƙarfe a kansa, aka zaunar da ginshiƙan a ciki aka ɗaure da noti. Abokina mai walda ne ya yi takalman, da ragowar kuɗina da ke hannunsa, muka shirya. Yanzu idan gara ta taso sai ta gina hanyarta a fili a kan simintin, in gan ta in kankare.

Na biyu ruwa. Ɓangarenmu ba ya da nisa da kogin Zio, kuma wanda ya ga ambaliyar 2008, lokacin da gadar Togblékopé da ta Amakpapé suka karye aka yanke hanyar arewa, ba ya wasa da ƙasan ɗaki. Na cika wurin da jar ƙasa ya ɗaga sama da tsakar gida, na shimfiɗa fale-falen siminti ba tare da na haɗe su ba. Kekunan kuma a kan katako suke.

Na uku wuta, kuma ita ce ta fi tsaya min a rai. Mun ga Babbar Kasuwar Adawlato ta ƙone a Janairun 2013, mun ga ta Agoè-Assiyéyé a Disambar 2023, nan kusa da mu. Amma waɗannan gobarar su ne suka nuna min cewa bango ba ya ceton atamfa. Kayan tela ko a cikin ƙarfe suke za su ci wuta. Don haka kuɗin da na rage a kan gini na sa shi a waya: mai gyaran wuta na gaske, waya mai kauri a cikin bututu, da makunni ɗaya a bakin ƙofa da ke kashe komai idan za mu tashi. Dutsen guga na gawayi kuma a waje yake kwana, wannan doka ce, yaran sun sani.

Rufin na yi shi da tsayi, gaba ya fi baya, na bar rata tsakanin bango da kwano aka sa raga, iska tana shiga ta fita. A ƙarƙashin kwanon aka shimfiɗa silin na falanki. Bangon katako ne, a miƙe, na buga ƙusa duk inda na ga dama. Manyan riguna shida suna rataye a jere ba wadda ta taɓa ƙasa.

Ba zan ce ban yi asarar komai ba. Shagona bai fi na kowa kyau ba, wanda ya wuce ba ya waiwaye. Da hunturu ƙura tana shigowa ta ragar, kullum sai mun lulluɓe kekuna. Tsaro kuma ba kamar na ƙarfe ba: duk dare sai mun cire kan keken surfani mun kai ɗakina, tare da shaddojin mutane, da safe mu dawo da su. Idan na gaji nakan tuna ɗakin ƙarfen da kwaɗo ɗaya zai wadatar. Kuma har yanzu ina ganin cewa ga wanda filinsa ne shi kaɗai, mai faɗi, kuma kayan da zai ajiye ba sa jin zafi, bakan ƙarfe ba abin rainawa ba ne. Ni ne bai dace da ni ba, a wannan wurin, a wannan lokacin.

Da Sallar Layya da ta wuce duk suka zo. Ragunan a ƙofar gida aka ɗaure su, tunda na cinye musu wuri. Yaya ta shigo rumfar ta zauna a benci, ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta sunkuya ta dubi notin da ke gindin ginshiƙi. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buɗe jaka ta fito da leshi ta ce in auna ta, kuma kada in kuskura in ce ba zan karɓi kuɗi ba. Na karɓa.

Sifana mai lamba 17 da ke kwance notin tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa. Ban taɓa amfani da ita ba tun ranar da aka ɗaure su. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya sa ta daɗe a rataye.